Kiran Suna

Alhamis ta farkon wata,
ko an biya fansho ko ba a biya ba,
zauren Barah muke haɗuwa, cikin Birni,
bayan dutsen nan mai kama da raƙumi a durƙushe.
Ni ke zuwa da kaye.
A Kasuwar Dole na saye shi shekarar da na ajiye alli,
na jera sunayenmu yadda suke a Normal:
mu talatin da huɗu, aji ɗaya,
shinkafa da wake mai tsakuwa,
da yunwar da ta zama 'yar ajinmu.

Yanzu in mun cika, mu tara ne.
Na goma yana Yamai wurin ɗansa,
sai dai ya aiko da murya ta waya,
rabi gaisuwa, rabi tari.

Nomau ke fara isowa bisa kabu-kabu,
yana ja-in-ja da yaron kan dala ashirin.
Sufeto ne a da, duk Magarya ana tsoron jakarsa;
yau ba komai cikinta sai maganin hawan jini.
Indo takan zo da alkaki a kwalla,
ta ce ba mai ci sai ya faɗi awon sukarinsa.
Kowa ya yi mata ƙarya.
Ta sani. Ta miƙa.

A taɓa zancen famfo, kwana huɗu ba ɗigo,
a taɓa kuɗin jarka, a taɓa gwiwa,
kowa ya jefa jika guda a gwangwanin madara
don asibiti, da don abin da ba mu faɗa.
Can sai hira, kamar akuyar da ta san gida,
ta koma wurin dikte da jan bik ɗin Mushe Abari.

Mutari, ɗiyarsa ke kawo shi.
Shekara talatin yana koyar da lissafi a Tanut da Gure,
yau bai san yawan 'ya'yansa ba.
Yana dubanmu kamar fasinjoji a tasha,
ya karɓi shayi da hannu biyu,
ya ce mini, “Sannu, baƙo.”
Ni, da muka raba bargo ɗaya shekara uku.

Kafin la'asar nakan buɗe kaye in kira suna.
Mai rai ya ce, “Farazan.”
Wanda ya riga mu, akwai layi ƙarƙashinsa,
in tsallake, a yi masa addu'a a zuci.

Wannan watan ban ja wa Kyari layi ba.
Sati biyu ke nan da muka kai shi makwanci,
hannuna ya ƙi.
Ina cikin kira, baki ya riga hankali:
“Kyari Ciroma!”

Shiru.
Har ana jin buta tana huci kan gawayi.

Sai daga lungu, ƙasa-ƙasa,
da hanci a toshe:
“Farazan.”

Mutari ne.
Haka yake yi shekara hamsin da suka wuce,
in Kyari ya haura katanga ya tafi silima a Zango,
shi ke sauya murya ya amsa masa.
Ya dube ni sosai, duban sani,
ya kashe ido ɗaya:
“Kada ka tona. Yanzu zai dawo.”

Indo ta ja mayafi ta rufe fuska,
kafaɗunta na rawa, ban san ko dariya ba ce.
Barah ya zuba shayi har ya wuce bakin kofi.
Nomau, sufeto guda, ya duƙa neman takalminsa
alhali yana ƙafarsa.

Ni kuwa, da ban taɓa ƙarya a rajista ba
shekara talatin da biyar,
na lasa bakin bik,
na sa wa Kyari alamar ya zo.

Sannan na kira na gaba.