Kalangun Shagon Baba Jatau

Bayan rumfunan riɗi a kasuwar Gadarif,
inda kwata ta ƙare, ƙudaje ba su ƙare ba,
akwai ɗan shago mai ƙofar langa-langa.
Shekara tara ina wuce shi da butar shayi da gawayi,
ban taɓa leƙawa ba.

Ran Talata na leƙa.

Baba Jatau na kan buzu, ƙafa ɗaya a miƙe,
tsarkiya a haƙori, basilla a hannu.
Ya yi mini maraba da Larabci,
na amsa da Hausa, ya tofar da tsarkiyar.
"'Yar wa?"
"'Yar Makau, na layin mahauta."
Ya yi shiru har wata akuya ta gama kuka a waje.
"Makau mai kiɗan fawa? Yana nan?"
"Yana nan. Bakin ne ya tafi,
ya ja hannun hagu suka tafi tare, tun tsakiyar damina."

Kalangu huɗu na rataye a ƙusa,
kowanne da siririn ƙugu.
Na nuna mai jan fenti.
Ya ce, "Wannan na masu ado da bango ne,
kyau gare shi, ba ya magana."
Ya ciro wani baƙi daga bayan buhu,
mai tabon gizago a wuya.
"Alilliba ce, ni na sare ta a bakin rafi.
Fatar ɗan akuya ce, bai kai yaye ba.
Sansana."
Na sansana: hayaƙi, man gyaɗa,
da warin rigar Baba in ya dawo daga biki.

Ya faɗi kuɗi, gwiwata ta yi sanyi.
Na taya, ya ce albarka.
Na ƙara, ya ce albarka,
yana duban ƙullin da ke bakin mayafina.
Na kwance. Fam ɗin duk sun yi laushi,
kowanne da danshin kofi,
cinikin wata biyu a gindin darbejiya.
Ya ƙirga, ya ware uku ya turo mini.
"Na mota. Sauran bashin kuma shayi ne,
kullum hantsi, da citta, kada ki yi rowar sukari."
Makaɗin ya ba ni gyara.

A cikin bas wata mata ta ce, bikin wa?
Na ce tukuna.

Baba na kan gadon igiya, yana kallon rufi.
Na ɗora masa a cinya.
Yatsun dama suka bi tsarkiya ɗaya ɗaya
kamar mai jan carbi.
Ya nemi kai shi hammata,
hagu ta ƙi tashi.
Kalangu ya gangara ƙasa, ya ce *kwam*,
Baba ya juya fuska bango.

Na ɗauka. Na zauna a gefen da ya mutu,
na sa a hammatata, na damƙa masa makaɗi.
Ya buga, na matsa, abin ya yi kukan jaki.
Ya harare ni. Rabona da hararar nan wata biyar.
Sai ya ɗora ƙafarsa kan tawa:
in ya taka in matse,
in ya ɗaga in saki.

Har la'asar muna ɓarna.
Can sai fatar ta gyara murya,
ta hau, ta sauka, ta sake hawa,
gaɓa bakwai, ta maimaita.

A madafa muciya ta daina motsi.
Inna ta fito da gari a goshi,
ta tsaya bakin ƙofa, hannu a baki.
Na ce, "Inna, me yake cewa?"
Ni haihuwar nan ce, kunnena bai koyi harshen fata ba.

Ta goge ido da gefen zane,
tana dariya kamar budurwar Mai Wurno.
Ta ce, "Matsa kawai, Tasalla.
Wannan ba taki ba ce."