Kujerar Mai Zaman Banza

Shekara ashirin da bakwai ina murza sitiyari,
Mubi zuwa Fatakwal, Fatakwal zuwa Mubi,
tirela mai taya goma sha takwas,
ko kazar wani ban taɓa takawa ba.
Yau ga ni a Garwa, gaban teburin wata yarinya,
tana juya lasina
kamar ganyen da ba ta san miyarsa ba.

Astajam, haka aka liƙa a rigarta.
Hausarta da gishirin Fillanci:
"Baba, wannan na can gida ne.
Ina na ƙetare, mai kama da ɗan littafi?"
Na ce, "'Yar nan, kwalta ba ta jin Faransanci,
rami rami ne, ko a Mubi ko a Pitowa."
Ta yi murmushi, amma biro bai motsa ba.

Fasfo, na miƙa.
Katin rigakafin shawara, na miƙa,
shi ba ta ma tambaya ba.
Hoto biyu. Kuɗin ajiya,
ko katin banki mai sunana a jiki.
Nairar da na ƙullo a lalita
ta shiga hannun ɗan canji da ƙibarta,
ta fito sefa, kamar wadda ta tashi daga jinya.

A waje Iya na kan benci ƙarƙashin darbejiya,
ƙullin daddawa a cinya, turmin atamfa a gefe.
Shekara arba'in rabonta da ƙaninta a Gidar.
An aiko ya bar tuwo, sai kunu,
kunun ma da cokali.
Ƙashinta ba na motar tasha ba ne,
shi ya sa na ce mota guda, ni da ita,
in lallaɓa ta kamar tiren ƙwai.

Na buɗe wa yarinyar tafin hannuna,
kanta kan kanta.
"Ga lasin da ba ya ƙarewa."
Ta duba, ta daɗe tana dubawa.
"Na yarda, Baba.
Jandarman shinge ne ba ya karanta tafin hannu.
In aka tsare motar, ni za a sallama,
inshora kuwa ba ta san gumi ba."

Sai ta ce da sauran dabara:
mota da direbanta.
Ta ƙwala kira, "Hamajoda!"
Yaro ya fito yana goge baƙin mai da tsumma,
gashin haɓarsa ana iya ƙirgawa,
autana ya ba shi shekara biyu.
Takardunsa a leda, kowace da hatiminta.

Na zaunar da Iya a baya.
Ƙafata ta kai ni ƙofar direba da kanta,
hannuna har ya kama marfin.
Na saki.
Na zagaya.

Muka bar gari, duwatsun Tingilin na kallonmu.
Kowane rami, ƙafata ta dama
sai ta danna birkin da babu.
Yaron ya gani, bai ce uffan ba,
sai ya fara sassautawa kafin in taka.
Ɗan halak ne, yana sakin kuloci da ladabi.

A shinge jandarma ya leƙo,
ya karanta ledar yaro, ya haɗa fuskata da fasfo,
ya ɗaga gora.
Ko sunana bai gwada faɗa ba.

Bayan Figil Iya ta taɓa kafaɗata.
"Haladu, dubi dama.
Audugar can, nan muka yi tsinta ni da Sambo,
aka biya mu da ƙosai."
Na duba.
Fari fat har gindin dutse,
mata sun sunkuya, wata ta miƙe tana dafe ƙugu,
jaki a inuwar tsamiya bai damu da kowa ba.

Ashe hanya tana da gefe.

In mun koma zan nemi ɗan littafin nan,
ko nawa ne, ko layin ya kai bakin titi.
Amma yau,
Hamajoda, kar ka yi sauri.
Iya ba ta gama nuna mini ba.