Allura da Masunci

Ƙarfe uku na dare a Valparaíso,
ƙarƙashin asibiti, inda fankoki ke huci,
daga ni sai shayin da ya huce.
Waya ta yi ƙara. Herminia ce, daga hawa na huɗu:
"Eulogio, rukunin jinin wani masunci nake nema,
allo ya zuba mini ido kawai."

Na leƙa rumbun bayanai, lafiyarsa lau.
Tambayar ta fita tun ɗazu,
ta bi layi a ƙofar faifai,
can ta maƙale.

Tsohon faifai ne, mai juyi,
allura ɗaya gare shi,
babbar manhaja ke ce mata je ki, dawo.
Manhajar kuwa ba ta son doguwar tafiya,
wanda ya fi kusa take sallama.
Daren nan ana kwafe ajiya,
rubutu tuli a tsakiyar faifai,
allura na ta tsinta kamar kaza a gindin turmi,
ko ɗaga kai ba ta yi.

Jinin masunci yana can bakin gefe,
'yan haruffa, ba su cika cokali ba.
Duk sanda layi ya kusa zuwa kansa
sai wani ya faɗo kusa da allura.
Ko lif ɗin asibitin nan ya fi ta adalci:
yakan kai ƙarshe kafin ya juyo.

Na sauya mata doka, layi ɗaya tak:
kowace buƙata da wa'adinta,
mai karatu rabin daƙiƙa, mai rubutu biyar.
In wa'adi ya cika, ajiye na hannunki,
tafi, komai nisa.

Na kasa kunne a jikin ƙarfen.
Ƙas-ƙas, ƙas,
allura ta fara zirga-zirga.
"Ya fito," in ji Herminia,
ta katse, ba ta da lokacin godiya.

Da safe Baltasar ya zo da takarda a hannu:
"Ajiya ta makara minti arba'in. Me ya faru?"
Na ce allura ce ta je unguwa.
Bai yi dariya ba.

Na fito, hazo ya rufe tashar jiragen ruwa,
kwale-kwale suna shigowa ɗaya-ɗaya,
guda yana ɗaure, bai fita ba.
Ban san sunan mutumin ba har yau,
lambarsa kawai na gani
tana jira a layi,
daƙiƙa casa'in da huɗu.