Ɗaurin Goma

Ajina na Tudun Jukun mutum saba'in da huɗu ne,
benci goma sha ɗaya, sauran a kan tabarma.
Allon ya koɗe har rubutu na ɓuya a cikinsa,
alli kuwa sai na karya biyu, in ɓoye rabi don gobe.

Ran Talata na rubuta hamsin da biyu,
na sa sha takwas a ƙarƙashinta, na ja layi.
Nafi'u, ɗan bencin gaba, mai hular da ta fi kansa,
ya kawo mini arba'in da shida yana murmushi.
Na ce, "Ta ina ka bi?"
Ya ce, "Biyu ba ta kai a cire mata takwas ba,
sai na cire ta daga takwas ɗin. Ai duk ɗaya ne."

A da, jan biro ke amsa mini irin wannan,
in soke, in wuce littafi na gaba.
Amma kuskuren da ya zo da hujjarsa baƙo ne,
a ba shi ruwa tukun, a ji daga ina yake.

Na ce, "Ka aro goma daga maƙwabciya,
biyu ta zama sha biyu."
Ya sunkuyar da kai.
"Malama, mu mun daina aro.
Tun ranar da mai shinkafa ya tsaya a ƙofar gida yana ɗaga murya,
Baba ya ce ko allura kar wanda ya ƙara arowa."
Aji ya kece da dariya. Ni ban yi ba.
Shekara tara ina ce wa yara su aro,
ban taɓa faɗa musu ranar biya ba.

Da dare na kwance tsintsiyar tsakar gida,
Inna na faɗa, wai na rasa abin ɓatawa sai abin shara.
Na karya tsinke, na ƙirga goma-goma,
na ɗaure da ragowar zaren wani tela a Ƙofar Doka,
har fitila ta fara lumshe ido.

Laraba na zaunar da su rukuni-rukuni a ƙasa.
Na zuba wa Nafi'u ɗauri biyar da tsinke biyu.
"Duka naka ne. Ba Huwaila sha takwas."
Ya miƙa ɗauri ɗaya, ya tsaya,
ya dubi tsinke biyun nan, ya dube ni.
Na ciji harshena.
A duk aikin koyarwa, shi ya fi mini wuya.

Huwaila, mai taya uwarta sayar da awara a bakin tasha,
ta gaji da jira.
"Kai, in babu canji ai ɗari ake fasawa!"
Ya sa haƙori ya tsinke zaren.
Goma ta watse, ta haɗu da biyu.
Ya ƙirga takwas a tafin Huwaila,
ya koma kan abin da ya rage:
ɗauri uku, tsinke huɗu.
"Talatin da huɗu," ya ce, a hankali,
kamar mai tsoron kar amsar ta tashi sama.
Sannan ya ɗaga kai: "Kuma ba wanda ke bin mu."

Ba duka suka gane ba.
Barira a baya har yanzu yatsu take ƙirgawa a ƙarƙashin hijabi,
akwai wasu goma sha da zan sake bi ɗaya-ɗaya,
wataƙila da marafan kwalba, wataƙila da ƙwallon dabino.
Amma aro ya fita daga bakina.
Yanzu cewa nake, "Kwance ɗauri, naka ne."

Inna ta sayo sabuwar tsintsiya a kasuwar Tudun Wada.
Ƙarƙashin gadonta take kwana.