Mai Ɗinkin Koma

A bakin tashar jiragen ruwan Malpica nake wuni,
kan kujerar da ta lotsa tun zamanin uwata.
Aikina toshe ɓarakar da teku ta yi da dare.

Littafina na cikin aljihun gaba,
yana ƙarnin kifi kamar komai nawa.
In kalma ta zo, sai in ajiye basilla,
in goge hannu a cinya,
in laluɓo guntun fensirin
da Xurxo kafinta ya manta a nan bara.
Sau da yawa kafin in gama goge hannun ta gudu.

Sabela ta ce, "Shekara sittin da uku, Uxía,
wa zai karanta?"
Na ce ai kifi ma bai san wadda ta ƙulla komar ba.
Ta yi dariya har zare ya kuɓuce mata.

Jiya na yi baiti huɗu a kan mijina,
yau na soke uku.
Wanda ya tsira bai ambaci sunansa ba,
sai rigar ruwansa, rataye a bayan ƙofa,
shekara tara ke nan,
ni dai ban ga ta bushe ba.

Koma rabinta huji ne, in ji uwata,
ƙulli kawai ake so ya riƙe.
Ban sani ba ko waƙa ma haka take.

Ga yayyafi ya dawo.
Jirgin Brais na shigowa, tsuntsaye na binsa,
da ganin yadda ya nutsa don nauyi
na san gobe ba rubutu.