Baƙin Zare

Gobe Talata, ƙarfe tara, Idi-Araba.
Takarduna na cikin leda, takalmi ya sha goga,
riga na rataye a ƙusa tana jiran asuba.
Saura idanu.

A kan tabarma abu biyu.
Ga tabarauna, wanda hannunsa na hagu
ya karye a danfo tsakanin Oshodi da Agege,
Inna ta ɗaure shi da baƙin zaren kitso.
Ga kuma ɗan kwalin da na sayo a Yaba
da kuɗin koyar da yaran maƙwabta lissafi:
gilasai biyu na mannawa a ƙwayar ido,
sirara kamar ɓawon albasa,
suna iyo cikin ruwansu.

Tasalla ce ta ja ni shagon.
Ta ce, "Uwani, mutanen nan fuska suke fara karantawa.
Ki shiga da zare a kunne,
su ce wadda ta kasa gyara tabarau
ina za ta gyara mutum?"
A shagon na yi dariya. A mota ban yi ba.

Sha ɗaya na dare, gaban madubin Inna mai tsaga.
Na wanke hannu sau uku,
na ɗora abin a kan ɗan yatsa,
na ja fatar ido,
ido ya ce sam,
ya rufe kamar ƙofar wanda ake bi bashi.
Ni da na haddace ƙasusuwan hannu ɗaya bayan ɗaya,
ni da jini bai taɓa sa ni kau da kai ba,
ga ni ina hawaye ba wanda ya mutu,
na kasa taɓa idona.

A gwaji na bakwai na dama ya zauna.
Sai aka ɗauke wuta.
Na hagu ya sulale, ya faɗi ba ƙara.
Janaretan maƙwabci ya yi tari ya tashi,
Inna ta shigo da fitilar waya,
muka durƙusa muna laluben siminti,
ni ido ɗaya garau, ɗaya dishi-dishi,
ita tana tambaya, "Wai yaya kamanninsa yake?"
Na ce, "Kamar babu."
Ta ce, "To babu muke nema da tsakar dare?"

A durƙushen nan aji uku ya dawo mini.
Malam Ogunbiyi na rubutu a allo,
ni ina kwafar hayaƙi.
Shekara biyu sunana daƙiƙiya,
har wata likita mai tabo a haɓa ta zo makarantarmu,
ta rufe mini ido ɗaya da tafin hannunta mai sanyi,
ta ce, "Yarinyar nan gani ne kawai ba ta yi."
Ranar da aka sa mini tabarau na fito titi,
ashe bishiya ganye-ganye ce,
ashe motoci na da lamba,
ashe ana iya gane Inna tun daga bakin layi.

Mun tsince shi a gindin buta, ya bushe, ya naɗe.
Na cire na dama da ƙyar, na mai da shi ruwansa.
Ban rantse na bar shi har abada ba.
Amma ba a fafe gora ranar tafiya.

Da safe ruwa kamar da bakin ƙwarya.
Danfo ya cika, numfashin jama'a ya lulluɓe gilashina,
na goge da bakin mayafi a Mushin,
na sake gogewa a ƙofa.

Su biyar ne a bayan dogon tebur,
uku da tabarau, na ƙirga.
Ta tsakiyar ta leƙo ta saman nata,
ta dubi zaren, ta dubi takardata,
ta ce, "Me ya sa likitanci?"

Na kai hannu kunnen hagu.
Ƙullin Inna na nan daram.
Na ce, "Ina aji uku a firamare..."