Tambaya ta Goma Sha Bakwai

Ni ke riƙe da alƙalamin, Arvid,
don hannunka ya koyi rawar da ba a kaɗa mata ganga.
Shafi goma sha huɗu a kan teburin girki,
shayinka ya huce, nawa ko haɗa shi ban yi ba.
A waje bakin tafki ya daskare tun shekaranjiya,
jiragen tama sun yi cirko-cirko a gaɓar Duluth,
su da ka shekara ashirin da shida kana yi wa walda.

Suna. Shekaru. Lambar ɗan ƙasa.
Waɗannan ba su da zafi.

Sai ta tara: Yaushe cutar ta fara?
Wa ya san ranar da gara ta shiga ginshiƙi?
Hanta ba ta tari, ba ta ɗingishi,
aikinta take a duhu kamar mai gadin dare,
sai ran da ta ajiye makullai
muka ga farin idonka ya koma ruwan ƙwai.

Ta goma sha ɗaya: Kana shan giya?
Ka ce in rubuta a'a da manyan baƙaƙe.
Na rubuta, na kuwa san kallon da za a yi mata.
Ko Delbert na maƙwabta, da ya ji an ce hanta,
sai da ya saci kallon kwandon shararmu.
Babu layin da zan sa jinin da aka ƙara maka
shekarar da ƙugiya ta yage maka cinya,
jinin wani bawan Allah da ba mu san fuskarsa ba,
ya ceci ranka, ya bar maka baƙo a ɗaka.

Ta goma sha bakwai ce ta tsayar da ni:
Bayyana yadda yininka yake.
Layi uku suka bari.
Wane yinin?
Na Talata, da ka kwashe ƙanƙarar ƙofa har kana fito?
Ko na Alhamis, da ka kira ni da sunan mahaifiyarka,
ka sa takalminka a firji,
ka zauna a ƙasa kana tambayar hanyar gida?
Ko na ƙarshen wata, da Dakta Halvorsen
ke zuƙe lita shida daga cikinka, kwalba bayan kwalba,
ka dawo kana riƙe da wando kada ya zame?
Ƙaiƙayin dare fa, da ƙwaurin da ka soshe har jini?

Ranar gwaji jikinka ya ci amanarmu.
Ka tashi garau, ka yi aski, ka sa rigar zuwa coci.
Mista Pruitt ya ce ɗaga hannu, ka ɗaga.
Ya ce yaya jiki, ka ce da sauƙi,
don ba a koya maka wata amsa ba a gidanku.
Minti goma sha biyu.
Kafin in tada mota barci ya kwashe ka.

Bayan wata biyar, farar ambulan:
wai za ka iya aikin zaune,
naɗe tawul, ko yanka tikiti a wurin ajiye motoci.
Ka karanta sau biyu, ka ninke ta kusurwa a kan kusurwa,
ka ce, Marlys, ashe ko rashin lafiyar ban iya ba.

Kwana sittin suka ba mu mu ɗaukaka ƙara.
Na sayi jan littafi, yana nan gefen murhu:
nauyinka da asuba, awa nawa ka kwanta,
sau nawa kalma ta kufce maka a tsakiyar zance.
Ina ƙirga faɗuwar mijina kamar mai rubuta bashi,
kunya na cizona,
amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.
Ba bara muka zo ba:
kowane albashi sai da suka yanki nasu,
tun kana da gashi, tun muna haya a saman shagon burodi.

Daren jiya na sake shimfiɗa takardun,
na iso layi ukun nan, na tsaya.
Ka daɗe kana kallon fitilun tashar jirage.
Sannan, ba ka ko juyo ba,
ka ce, rubuta Alhamis.